Yadda ake gwajin katalaz da yadda ake karanta kumfarsa

Duk lokacin da ɗaliban aikin awo suka zo mana sitaj a nan Maradi, gwajin da nake fara sa su yi da hannunsu shi ne gwajin katalaz, wato gwajin da yake nuna ko ƙwayar cuta tana da sinadarin katalaz mai rusa ruwan oksijene, domin ba ya buƙatar na'ura ko wutar lantarki, kuma sakamakonsa yakan fito kafin mutum ya gama gyara zamansa a kujera. Ana lakato ɗan tsiron ƙwayar cuta daga faifan da aka shuka ta, a shafa a kan gilashi, a ɗiga masa ruwan oksijene, sai a ga ko dai kumfa ta taso ko kuma ruwan ya kwanta shiru. Sauƙin nan ne yake sa a raina shi, kuma rainin ne yake jawo kuskure. Wanda zai yi gwajin da kyau yana buƙatar ya san abin da kumfar take nufi a rayuwar ƙwayar cutar, da kuma iyakar abin da za ta iya faɗa masa.

Idan ƙwayar cuta ta shiga jiki, waɗanda suke fara isa wurin su ne fararen ƙwayoyin jini, musamman nutrofil, sannan makrofaj. Aikinsu shi ne su haɗiye baƙuwar, su kulle ta cikin wani ɗan aljihu a cikinsu, sannan su cika aljihun da guba. Élie Metchnikoff ne ya bayyana wannan haɗiya a 1882, a garin Messina na ƙasar Italiya, amma sai bayan shekaru masu yawa aka gane da me ake yin kisan. A jikin bangon aljihun akwai wani anzim, wato sinadarin jiki mai hanzarta aiki, da ake kira NADPH oksidaz, wanda yake ɗaukar iskar oksijan ya ɗora mata elektron guda, ta zama abin da ake kira superoksid. Bernard Babior da abokan aikinsa ne suka nuna a 1973 cewa fararen ƙwayoyin jini suna yin haka. Superoksid ba ya daɗewa yake komawa H2O2, wanda shi ne ainihin ruwan oksijene da ake sayarwa a farmasi. Daga nan wani anzim mai suna miyeloperoksidaz yakan haɗa shi da gishirin da ke cikin jiki, ya fitar da sinadarin da yake aiki a cikin ruwan jabel. Wannan anzim ɗin kore ne, kuma shi ne yake ba mugunya da majina launin nan na tsanwa da muke gani a kwalaben da ake kawo mana da safe. Makrofaj kuma tana ƙara nata da wata iska mai guba, NO.

Ɓarnar da waɗannan sinadarai suke yi wa ƙwayar cuta ta yi kama da tsatsar da take cin kwanon rufi bayan damina, sai dai ita wannan cikin daƙiƙu take aukuwa. Mafi muni shi ne idan H2O2 ya haɗu da sinadarin ƙarfe da ke yawo sake a cikin ƙwayar, domin haɗuwarsu tana haifar da wani abu mai tsananin ƙuna da yake tsinka zaren gado na DNA, kuma babu anzim ɗin da yake iya tare shi idan ya riga ya samu. Ana danganta wannan haɗuwa da sunan Fenton, wanda ya bayyana ta a 1894. Saboda haka dabarar ƙwayar cuta ita ce ta kawar da H2O2 tun kafin ya tarar da ƙarfen. Katalaz yana ɗaukar ƙwara biyu na H2O2 ya mayar da su ruwa da iskar oksijan, kuma ƙwara guda na anzim ɗin yana iya yin haka sau miliyoyi cikin daƙiƙa ɗaya. Iskar da take fita ita ce kumfar da muke gani a kan gilashi.

Kayan aikin kaɗan ne: gilashin awo mai tsabta wanda ya bushe sarai, tsinken katako ko madaukin roba da ake jefarwa bayan amfani, bututun ɗiga ruwa, safar hannu, fankon faifan Petri mai murfi, da ruwan oksijene mai ƙarfin kashi 3 cikin 100. A kwalaben da suke zuwa mana da rubutun Faransanci ba kasafai ake rubuta kashi cikin ɗari ba, adadin "bolim" ake rubutawa, kuma bolim 10 shi ne daidai da kusan kashi 3 cikin 100, ma'ana lita ɗaya ta ruwan tana iya sakin lita 10 ta iskar oksijan. Idan mai ƙarfi aka samu, wato na kashi 30 cikin 100 wanda ake rubuta wa bolim 110, sai a auna kashi ɗaya nasa a zuba cikin kashi tara na tataccen ruwa, da safar hannu da tabarau, domin ɗigonsa yana farar da fata nan take kuma yana iya lalata ido.

Kwalbar ruwan nan ita ce inda aka fi samun matsala a garinmu, kuma a kanta zan ɗan tsaya. H2O2 yana rushewa da kansa ya koma ruwa zalla, haske da zafi kuma suna hanzarta rushewar. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maradi yake haura digiri 40 da rana, kwalbar da aka bari a kan tebur kusa da taga tana mutuwa ba tare da ta canza launi ko wari ba. Na taɓa zama a wani ɗakin awo inda aka yi kwanaki ana rubuta cewa ƙwayoyin da aka samu a mugunyar maruru ba su da katalaz, har aka fara mamakin yawan streptokok, dangin ƙwayoyin da ba su da katalaz, a unguwa guda, ashe kwalbar ce ta daɗe da zama ruwan banza, an buɗe ta tun kafin azumi kuma firijin ya sha kwana a kashe. Babu wanda ya yi ganganci a lamarin, kowa dai ya amince da kwalbar ne saboda kwanan watan da ke jikinta bai wuce ba. Dole ne a ajiye ruwan cikin kwalba mai duhu, a rufe ta da kyau, a sa ta a firiji tsakanin digiri 2 da 8, a rubuta ranar da aka buɗe ta, sannan kowace safiya a zuba ɗan abin da za a yi aiki da shi a wata ƙaramar kwalba a mayar da babbar. Abin da ya rage da yamma a zubar da shi, kada a mayar cikin uwar kwalba.

Kafin a taɓa samfurin majiyyaci ko ɗaya, a gwada ruwan da ƙwayoyi biyu da aka san halinsu. Ta farko mai katalaz, kamar Staphylococcus aureus mai lamba ATCC 25923 da yawancin ɗakunan awo suke ajiyewa don gwajin magunguna, ta biyu marar katalaz, kamar Streptococcus pyogenes. Idan ta farko ba ta yi kumfa mai ƙarfi nan take ba, ruwan ya mutu, a dakata da aiki har a samo wani. Idan ta biyu ta yi kumfa, to akwai datti a gilashi ko a tsinken. A rubuta sakamakon wannan gwajin na safe a littafi da kwanan wata, ko da kuwa babu wanda zai tambaya.

Abu na gaba shi ne rinin Gram, wato rina ƙwayar don a ga siffarta da launin da ta riƙe a ƙarƙashin madubi, kuma ba a tsallake shi. Gwajin katalaz yana da amfani ne idan an riga an san siffar ƙwayar a ƙarƙashin madubi. Inda ya fi aiki shi ne a kan ƙwayoyi masu siffar ƙwallo da suka riƙe launin shuni, domin a nan ne yake raba gida biyu: stafilokok da mikrokok suna kumfa, streptokok da anterokok ba sa yi. Yana kuma taimakawa wajen bambanta Listeria, wadda take kumfa, da streptokok na rukunin B a jinin jariri, tun da tsironsu yana kama da juna a kan faifai. A kan ƙwayoyin hanji masu siffar sanda kuwa ba ya raba komai sosai, domin kusan dukansu suna da katalaz, in ban da ƴan kaɗan irin su Shigella dysenteriae nau'i na 1.

Idan an zo gwajin kansa, a zaɓi tsiro guda wanda ya ware daga sauran, mai awa 18 zuwa 24 da shukawa, domin tsohon tsiro yana iya rasa ƙarfin anzim ɗinsa ya ba da amsar ƙarya. A sa gilashin cikin fankon faifan Petri, a taɓa saman tsiron kawai da bakin tsinke, a shafa shi a kan busasshen gilashin, sannan a ɗiga ɗigo ɗaya na ruwan oksijene a kai, a rufe murfin nan take, a duba ta cikinsa. Baƙar takarda a ƙarƙashin faifan tana sa kumfar ta fito fili. Murfin yana da muhimmanci, domin kumfa idan tana fashewa tana watsa ƙwayoyi masu rai cikin iskar da mai aikin yake shaƙa. Ba a gauraya ruwan da tsinke bayan an ɗiga shi, kuma ba a amfani da madaukin waya mai ƙarfe a cikinsa, saboda ƙarfen da kansa yana rusa H2O2 ya tada kumfa. Wanda ya fi son hanyar bututu yana iya zuba ɗan ruwan a ƙaramin bututun gilashi ya tsoma tsinken da ke ɗauke da tsiron, wannan ma yana rage watsuwa.

Tarkon da ya fi kama ɗalibai shi ne faifai mai jini. Jajayen ƙwayoyin jini cike suke da katalaz nasu, don haka idan bakin tsinke ya karci abincin da ke ƙarƙashin tsiron ya ɗauko ɗan ja, kumfa za ta tashi ko da ƙwayar ba ta da anzim ɗin ko kaɗan. Hannu mai sauƙi ake buƙata, kamar na mai yaɗe man shanu daga saman nono. Idan tsiron ƙanana ne ƙwarai har ba za a iya ɗaukarsa ba tare da taɓa jinin ba, gara a sake shuka shi a kan faifai marar jini a jira gobe. Jinkirin kwana ɗaya ya fi sauƙi a kan sakamakon da zai sa likita ya canza magani a banza.

Karatun sakamako shi ne: kumfa mai yawa da ta taso nan take, kamar an buɗe kwalbar lemo mai gas, tana nuna akwai katalaz. Ƴan ƙananan kumfa biyu ko uku da suka ɓullo bayan daƙiƙa 20 ko 30 ba a lissafa su, kuma anterokok ya shahara da irin wannan yaudara. Idan stafilokok ne, aiki bai ƙare ba, sai an bi da gwajin kowagilaz, wanda yake duba ko ƙwayar tana daskarar da ruwan jini, kafin a rubuta Staphylococcus aureus.

Akwai ƙwayoyin da ba a yi musu wannan gwajin a buɗaɗɗen tebur ko da murfi. Daga Janairu zuwa Mayu, lokacin ƙura da zafi, ruwan ƙashin baya da ake kawowa daga masu alamun sanƙarau yana iya ɗauke da Neisseria meningitidis, wadda take da katalaz mai ƙarfi kuma take kama mutum ta numfashi. Nijar tana cikin yankin da sanƙarau ya saba ɓarkewa. An fara rigakafin MenAfriVac na rukunin A a 2010, sannan a 2015 rukunin C ya yi babbar annoba, don haka ma'aikacin awo a nan ba ya ɗaukar wannan ƙwaya da wasa. Duk tsiron da ake zargin ita ce, ko Brucella daga makiyayi mai daɗaɗɗen zazzaɓi, sai a cikin akwatin kariya mai zuƙe iska, inda babu shi kuma a tura samfurin ta hanyar da aka tsara zuwa cibiyar CERMES da ke Yamai.

Yanzu ga abin da na fi so ɗalibi ya riƙe, kuma a nan ne littattafan share fage suke gajarta bayani. Kumfa tana taimakawa wajen gano dangin ƙwaya, amma ba ta auna muguntarta. Streptococcus pneumoniae, wadda take kashe yara da ciwon haƙarƙari da sanƙarau, ba ta da katalaz sam, kuma ita da kanta take ƙera H2O2 mai yawa tana zubarwa waje don ta kashe maƙwabtanta a cikin hanci da maƙogwaro. Koren zoben da muke gani kewaye da tsironta a faifai mai jini aikin wannan H2O2 ɗin ne a kan jinin. Ita kariyarta tana ga kaurin rigar da ta lulluɓe jikinta, wadda take hana fararen ƙwayoyi kama ta tun farko, da kuma sinadarin manganiz da take tarawa. Staphylococcus aureus kuwa, ban da katalaz, launin zinariyar tsironta ma garkuwa ne, domin wannan rinin dangin wanda ke cikin karas ne, yana shanye ƙunar oksijan, kuma an nuna a 2005 cewa idan aka cire mata shi nutrofil sun fi saurin kashe ta.

Salmonella, wadda muke samu a jinin masu taifod da na ƙananan yara, ita ce ta fi nuna yadda garkuwar take hawa-hawa. Tana da wani furotin mai suna OxyR, wanda aka gano a ɗakin binciken Bruce Ames a Amurka a 1985, aikinsa kamar na mai gadin da ke sansano hayaƙi: da zarar H2O2 ya taɓa shi sai siffarsa ta canza, ya buɗe ƙwayoyin halittar da suke ƙera katalaz da sauran kayan kariya, har da wani furotin da yake tattara ƙarfe ya ɓoye ya kuma lulluɓe DNA. Tana da superoksid dismutaz, anzim mai kawar da superoksid wanda McCord da Fridovich suka bayyana a 1969, a cikinta da kuma a tsakanin bangayenta biyu, inda gubar take fara sauka. Tana da anzim mai kawar da NO, da masu ɗinke DNA idan ya tsinke, da masu gyara furotin da suka ƙone. Masu bincike a Faransa sun nuna a 2009 cewa tana da katalaz iri uku da peroksidaz iri biyu, waɗanda su ma suke kawar da H2O2, kuma cire katalaz ɗin uku bai hana ta cutar da ɓera ba, sai da aka cire duka biyar ɗin sannan ta yi laushi. Bayan wannan duka tana da wata allura ta furotin da take harba sinadarai ta bangon aljihun da aka kulle ta, ta sauya aljihun ya zama ɗakin da za ta hayayyafa. Gwajinmu na kan gilashi hawa ɗaya kawai yake gani daga cikin waɗannan.

Ƙwayar tarin tibi ta zo da nata labarin dabam, wanda ya shafi magani kai tsaye. Katalaz ɗinta, mai suna KatG, yana kare ta a cikin makrofaj, amma shi ne kuma yake tada maganin isoniyazid, wanda ake amfani da shi tun 1952 kuma yake shiga jikin ƙwayar a kwance, ba ya aiki sai KatG ya sarrafa shi. A 1992 aka tabbatar cewa ƙwayoyin da suka rasa wannan anzim suna jure maganin. Wanda ya fi yawa a majiyyata shi ne ɗan canji a wuri na 315 na furotin ɗin, wanda yake rage sarrafa maganin amma ya bar wa ƙwayar yawancin kariyarta, wato ta tsira ta fuska biyu. Ya kamata ma'aikaci ya tuna cewa gwajin tibi na na'urar GeneXpert na yau da kullum jurewar wani maganin dabam, rifampisin, yake nema, ba ya duba katG, ƙwayar halittar da take ƙera KatG, don haka bai wanke isoniyazid ba. Tsohon gwajin da ake dumama ƙwayar a digiri 68 na minti 20 a ga katalaz ɗinta ya mutu, aikin manyan ɗakunan awo ne masu cikakkiyar kariya.

Sakamakon da muke rubutawa yana komawa ne ga jikin wani mutum, kuma ƙarfin wutar da nutrofil ɗinsa suke iya hurawa ba ɗaya ba ne ga kowa. Yaron da tamowa ta kama, irin waɗanda suke cika cibiyoyin jinya na Madarunfa da sauran sassan jiha a lokacin damina kafin sabon hatsi ya shigo, garkuwarsa ta raunana har cuta tana iya cin jininsa ba tare da zazzaɓi ya fito ba. Shi ya sa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba irin wannan yaro maganin kashe ƙwayoyin cuta tun shigowarsa, a kuma jinkirta ba shi maganin ƙarin jini mai ƙarfe har sai ya fara cin abinci yana ƙara nauyi, domin jiki da gangan yake ɓoye ƙarfe daga ƙwayoyin cuta, su kuma suna fitar da nasu sinadaran farautarsa. Zazzaɓin cizon sauro ma yana da hannu: fashewar jajayen ƙwayoyin jini tana raunana wannan wuta ta nutrofil, kuma wannan yana cikin dalilan da suke sa Salmonella shiga jinin yara a lokacin masassara. Akwai kuma wata cutar gado da ba ta da yawa, inda ake haifar yaro NADPH oksidaz ɗinsa ba ya aiki, sai ya yi ta fama da maruru da ƙuraje a hanta da huhu, yawanci daga ƙwayoyi masu katalaz irin su Staphylococcus aureus da Serratia da Burkholderia. Idan sunan yaro guda yana ta dawowa cikin littafi da irin waɗannan ƙwayoyi, ya dace ma'aikacin awo ya tashi ya je ya faɗa wa likita da baki.

Tun da ruwan oksijene yana kusan kowane gida, mutane sukan tambaye ni game da kumfar da yake yi a kan rauni, suna ɗauka cewa cuta ce take mutuwa. Yawancin wannan kumfa daga katalaz na jinin mai raunin da namansa take fitowa, daidai da abin da yake faruwa idan ɗalibi ya karci faifai mai jini, kuma yawan zuba ruwan a kan gyambo yana ƙona sabon naman da yake ƙoƙarin tsirowa. Ruwa mai tsabta da sabulu, ko ruwan gishiri na asibiti, sun fi dacewa da wankin yau da kullum.

Idan an gama gwaji, a rubuta sakamakon tare da siffar Gram, da irin faifan da aka ɗauko tsiron, da shekarun tsiron a awa, domin wanda zai karɓi aiki da yamma ya san yadda aka kai ga amsar. Ɗigon ruwan oksijene ba ya kashe duk abin da ke kan gilashi, musamman idan mai katalaz ce ta riga ta mayar da shi ruwa, don haka gilashin da tsinken a tsoma su gaba ɗaya cikin ruwan jabel mai ƙarfin kashi 0.5 cikin 100 wanda aka haɗa a safiyar ranar, a bar su su jiƙa aƙalla minti 30 kafin a kai su tukunyar turara kaya, sannan a goge teburin a wanke hannu.